Shekarar da Raƙuma Suka Ƙi Ni

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara wayo, na san abin da kuke raɗa a kansa in na ba da baya: me ya sa kawunku Sanda ba ya taka gidan nan, ni ma ba na shiga nasa. Na ji an ce muku rabon riba ne ya haɗa mu. Na ji an ce aljanu ne suka shafe ni a fadama. Wata ma a cikinku, ba zan kama suna ba amma tana da wushirya, cewa ta yi tsufa ne ya fara taɓa ni tun a lokacin. To, tun numfashi bai ƙare ba, bari in rubuta muku da hannuna, wannan hannun da malaminmu na aji uku ya ce rubutunsa kamar kaji sun yi tono. Daga ranar ban sake ba shi wahalar karanta shi ba, ku kuwa dole ku daure.

Kun san ubanku ya taɓa sana'a iri-iri, kowacce ta kore shi da kanta. Na yi dillancin awaki a kara, wato kasuwar dabbobi, na sayar da rake, na yi kabu-kabu. Wata rana na sauke fasinja a Kwalkwalawa, ina zaune ina shan raken da ban biya ba, sai na ga ɗaliban jami'a sun yi wa wani raƙumi mai ɗauke da albasa zobe, kowa da wayarsa, wata har tana roƙon a ɗora ta. Mai raƙumin yana ta korarsu kamar ƙudaje. Na ce a raina, wannan bawan Allah abinci yake kora. Ni da ko bunsuru ban mallaka ba, a ranar na zama mai kamfanin hawan raƙuma.

Raƙuman na gidaje uku ne na manoma, waɗanda suke ɗauko albasa da shinkafa da su daga fadama. Gidan da ya fi yawa shi ne na Sanda, ƙanen uwarku, abokin wasana, wanda tun ranar ɗaurin aurena bai kira ni da wani suna ba sai tsohon ango. Baƙi kuwa Malama Rifkatu ce ke kawo su. Tsohuwar malamar firamare ce, Kirista, maƙwabciyarmu lokacin da muke haya a Gidan Dahala kafin mu dawo Minanata. Ita ke da Turanci da waya mai hoto, ita ta san ɗalibai da masu bautar ƙasa da baƙin da ke zuwa taro. Ni aikina surutu da ba baƙi dariya. Mukan tashi da sanyin safiya ko da la'asar, mu bi gefen gonaki har mashigin gulbi, mu juyo.

Amma Malama ba ta shiga ba sai da ta kafa mana sharuɗɗa, kamar ta samu sabon aji. Ba a hawa bibbiyu, komai ramar mutum. In rana ta take, ko gwamna ne sai ya jira inuwa. Raƙumi mai miki a baya hutu zai yi har ya warke, kuma ba a dukan dabba a fuska. Duk waɗannan manoman sun gyaɗa kai. Na ƙarshen ne ya sa aka yi shiru: duk raƙumin da ya tsufa a wannan aiki ba za a kai shi kara ba, ba za a kai shi kwata wurin mahauta ba, za a riƙa ci da shi daga abin da aka samu har Mai shi ya karɓi abinsa. Wanda ya karya wannan, ya fita shi da dabbobinsa duka. A gindin tsamiyar bakin ƙauye aka yi alkawarin. Mu muka shafa Fatiha, Malama ta ɗora hannu a ƙirji. Ni na fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin, don a ganina raƙumi ba ya tsufa kafin mutum ya yi kuɗi.

A gaban ayarinmu kullum akwai wata taguwa ta gidan Sanda mai suna Tumba. Fara ce, mai dogon gashin ido, tana tafiya kamar matar alƙali za ta biki. Ba ta taɓa jefar da kowa ba. Ko matsoracin da ya fi kowa ihu, in aka ɗora shi a kanta, kafin a wuce gonar farko ya fara yi wa uwarsa waya yana alfahari. Tana da wata ɗabi'a: in an iso mashigi, ba sai an ce mata komai ba, sai ta tsaya a bakin ruwa ta gurfana, sauran su tsaya a bayanta su jira, baƙi su sauka su yi hoto. Na biyu a layi ɗanta ne, Jatau, ƙaton amale mai zuciya, wanda ba ya jin maganar kowa sai bayan uwarsa.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan ɗaukewar ruwa, gwiwoyin Tumba suka fara gazawa. In za ta tashi sai ta yi rawa kamar tsohuwar rumfa. Malama ta ce lokaci ya yi. Na zaci Sanda zai yi gardama, sai ya amince nan take, har ya ce zai kai ta rugar dangin mahaifiyarsa can arewa, inda ciyawa take, ta huta cikin 'yan'uwanta. Na ce zan raka su in yi mata sallama. Ya yi dariya ya ce:

"Tsohon ango, in ka bi mu wa za ya ɗauko ka in ka gaji? Ita dai ta aje aiki."

Na bar shi ya tafi. Da yammacin ranar da ya dawo, ya aiko wa uwarku da nama cikin ƙwarya, har da kitsen tozo, ya ce wani abokinsa ne ya yi sadaka. Kun san ni da nama. Ku kuna ƙanana, aka ba ku ɗan abin da ya samu, ni na zauna na yi wa akushi wanka, ina taunawa ina sa wa mai sadaka albarka. Na lura uwarku ba ta ci ba. Ta ce haƙori ke damunta.

Washegari da safe muna da baƙi, 'yan mata ɗalibai da wani malaminsu. Tun kafin in kashe mashin na ji wani abu bai yi daidai ba, sai dai ban gane ko mene ne ba. Sai da na matso na gane: shiru ne. Raƙumi in ana ɗaura masa sirdi sai ya yi ta gurnani kamar ana raba shi da gadon ubansa, wannan kowa ya sani. Ranar duk suna gurfane, an ɗaura musu sirdi, babu mai ko tari. Ba sa tuƙa. Ko ƙudan da ke kansu ba sa korewa. Da na yi sallama, sai duk suka juyo da kawunansu lokaci guda, har na sauran gidaje biyun, suka zuba mini ido.

Na yi ƙarfin hali na nufi Jatau da ɗan guntun kanwa da na saba ba shi. Bai kalli kanwar ba. Ya miƙo wuya a hankali har hancinsa ya taɓa gemuna, ya shaƙi numfashina, dogon shaƙa, kamar mai karanta wani abu. Sannan ya janye kansa, ya ɗora shi a ƙasa, ya miƙe wuyan a kan rairayi. Na girma ina ganin raƙuma, ban taɓa ganin lafiyayyen amale ya kwanta haka da safiya ba. Na waiwaya in yi wa Sanda wasa, sai na ga ya duƙufa yana gyara wata igiyar da ba abin da ya same ta.

Da kyar aka tashe su. Sanda ya ja Jatau a gaba, ni na koma can baya don duk wanda na matsa kusa da shi sai ya kauce. Tafiyar ma ba irin tamu ba ce. Jatau ya ƙi matsowa kusa da Sanda, yana tafe yana barin fili a gabansa, wuyansa a miƙe, daidai yadda yake yi in an ɗaura akalarsa a sirdin uwarsa. In Sanda ya yi sauri, shi ba ya yi. In Sanda ya tsaya, shi sai ya ci gaba da takunsa, kamar ba hannun Sanda ke jansa ba. Da muka iso mashigi, bai kai bakin ruwa ba. Ya tsaya nesa kaɗan, gwargwadon tsawon raƙumi guda, sauran suka tsaya a bayansa. Aka ja, aka lallasa, aka yi tsaki, ko gezau. Wata ɗaliba daga can bisa ta tambaya cikin ladabi:

"Baba, wa suke jira?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, sana'ar da ba ta taɓa korata ba, sai idona ya faɗa kan rairayin bakin ruwa. Ga gurbin gwiwoyi, ga faffaɗan gurbin ƙirji a tsakiya. Na san za ku ce tsohon sawu ne. Ni ma haka na ce wa kaina. Amma shanun Fulani suna bin wurin safe da yamma, ba sawun da ke kwana a nan, wannan kuwa gefensa bai ko zube ba. Raƙuman suka tsaya iya lokacin da baƙi suka saba ɗauka wajen yin hoto. Sannan Jatau ya ɗaga kai sama a hankali, kamar yana bin wani abu mai tashi da ido, ya juya, muka koma.

Haka muka yi ta yi har aka fara girbin dawa. Kullum sai sun tsaya, kullum sai sun guje ni. Ba abin da ban gwada ba. Na sake riga, na yi wanka da sabulun salo, na shafa turaren da na ɓoye don Salla. Na ci ɗanyar albasa har uwarku ta mayar da tabarmata zaure. Na je wurin wani malami ya ba ni rubutu, na sha, ya ce wata farar aljana ce ke sona. Na ce masa in dai mai hankali ce ta duba da kyau, akwai waɗanda suka fi ni. Dariya nake yi a waje, amma a ciki tsoro ne. Mutum ya saba da mutane su ƙi shi, wannan ba komai ba ne. Amma dabba ta kalle ka ta kawar da kai, ba ta da bakin da za ta gaya maka dalili, wannan yana hana cin tuwo.

Ranar da abin ya fito, Sanda ne ya makara. Baƙi suna jira, Malama tana duba agogo, sai na rufe ido na kama akalar Jatau da kaina. Yatsuna suka faɗa kan wani ƙulli da na sani. Ni na ƙulla shi, da guntun robar tayar mashin ɗina, wata rana da akalar Tumba ta tsinke a hanya. Na bi igiyar da hannu. Kusa da ƙarshenta ta yi tauri, ta yi baƙi, kamar an tsoma ta cikin wani abu ta bushe.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane ba, bari in fassara muku. Mai kiwo ba ya sayar da dabba da igiyarta. In ciniki ya faɗa, mai saye ya kawo tasa, mai sayarwa ya kwance tasa ya koma da ita gida, don kada arzikin garke ya bi baƙon hannu. Na ga wannan sau ba adadi a kara. Amma dabbar da aka kai kiwo wurin dangi, da igiyarta take tafiya, don da ita za a ɗaure ta a can. Da Tumba tana ruga, da akalarta tana ruga. Sanda ya iya ɓoye komai, amma hannunsa bai iya barin igiyar gidan ubansa a kwata ba. Ya tsaya har aka gama yanka ta, ya ɗauko ta, ya zo ya sa wa ɗanta a hanci.

Na zauna a ƙasa. Sai a lokacin na tuna da ƙwaryar nama.

Da Sanda ya iso na ja shi bayan rumbu, na nuna masa ƙullin. Bai musa ba, kuma in gaya muku gaskiya, maganarsa ba ta wawa ba ce. Ya ce taguwar tasa ce, ta ubansa ce ta haife ta. Ya ce tun kakanninmu ba a taɓa barin naman halal ya mutu mushe ana kallo ba, in ya yi haka duk Kwalkwalawa sai ta yi masa dariya. Ya ce yanka da bisimilla ya fi mata daraja a kan ta faɗi a gona ungulu su taru. Na ce duk na ji, amma me ya hana shi faɗin haka a gindin tsamiya kafin ya shafa Fatiha? Sai ya ce:

"Mi kake so in yi, tsohon ango? Kai ma ka ci. An ce har yatsu ka suɗe."

Na bar shi nan bayan rumbu, na nufi wurin Malama.

Malama Rifkatu ta yi kuka da na gaya mata, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a rasuwar mijinta. Da ta share ido ta ce sharaɗi dai kowa ya san shi, amma Sanda surukina ne, ba za ta raba gida da bakinta ba, duk abin da na yanke shi ke nan. Na so ƙwarai ta yanke da kanta in samu wanda zan laɓe a bayansa. Ta ƙi.

Na dawo gida na tarar da uwarku tana tankaɗe. Na fara kewaye-kewaye, ta katse ni ba tare da ta ɗago ba.

"Tun a tukunya na gane. Naman tsohuwar taguwa ba ya ɓuya, itace nawa na ƙona bai yi laushi ba."

"Kika bar ni na ci?"

"Kai ka yi alkawari, Malam. Ni ƙane gare ni."

Na tambaye ta to yanzu me take so in yi. Ta daɗe tana buga rariya a tafin hannunta, sannan ta ce:

"In ka kore shi, ka raba ni da gidan ubana. In ka bar shi, ban san wa nike aure ba."

Har yau ba ta ce mini na yi daidai ko na yi kuskure ba.

Ba zan yi muku ƙaryar cewa jarumta ce ta sa na yanke hukunci ba. Na so in rufe zancen, a ci gaba da cewa baƙi Tumba tana ruga tana hutawa. Amma na duba na ga kowace safiya zan je in tsaya gaban waɗannan dabbobi, mu biyu mun san gaskiya, ni da su, ni ina surutu su suna kallona. Ba zan iya ba. Kuma sauran gidaje biyun suna da tsofaffin raƙuma, suna jira su ga ko Fatihar nan ta wasa ce. Na tara mutane a gindin tsamiya, na faɗi abin da ya faru, har da rabon da cikina ya samu, aka yi dariyar da ba ta kai zuci ba. Na ce Sanda ya kwashe dabbobinsa. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya kira ni da sunana na yanka, karo na farko tun da na san shi, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, ko da ba ku san tushensa ba. Fiye da rabin raƙumanmu suka tafi. Baƙi suka ragu, na koma kan mashin da furfurata ina rigima da yara a kan fasinja. Aka aurar da babbarku babu kawunta a wurin. A ƙauye aka sa mini suna, wanda ya zaɓi mushe ya bar suruki. Raƙuman da suka rage sai da damina ta zagayo kafin ɗaya ya karɓi kanwa daga hannuna. Daga baya Allah ya buɗa, wasu gidaje suka shigo, tsofaffin raƙuma biyu sun mutu a hannunmu da cikinsu cike, mun haƙa rami mun rufe su ana yi mana kallon mahaukata. Amma abu ɗaya bai sake ba. Har gobe in ayari ya iso mashigi, na gaba yakan tsaya nesa da ruwa, ya bar fili, ya jira. Har waɗanda aka sayo daga Nijar bayan shekaru, da ba su taɓa ganin Tumba ba. In baƙi sun tambaya, cewa muke yi hutawa suke yi.

Duk Salla nakan kai uwarku Kwalkwalawa, in sauke ta a bakin ƙauye, in zauna a kan mashin kamar ɗan haya har ta fito. A Sallar da ta wuce, ina zaune sai na hango Sanda tafe da sanda, ya rame, wuyansa kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Na ɗauka wucewa zai yi kamar kullum. Sai ya tsaya, bai yi sallama ba, bai kalle ni ba, ya zuba wa hanyar gulbi ido.

"Har yanzu suna tsayawa?"

Na ce suna tsayawa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya daɗe da rabuwa da raƙuma, Jatau ma ya ba da shi, don ya gaji da juyowa ya ga ana kallonsa. Ya ce ko tunkiya babu a gidansa yanzu. Sannan ya rage murya.

"Amma kullum in na hito sallar asuba, ina jin ta gurfana a ƙofar zaure. Gwiwa, gwiwa, sannan ƙirji. Ba ta yi mini komi. Jira kawai takai."

Na ce, jiran me?

"In hau mana, tsohon ango."

Ya juya ya koma cikin ƙauye a hankali, yana bin gefen hanya, ya bar tsakiyar.

Ku je ku gaishe da kawunku. Ba sai Salla ba, kuma kada ku bari sai an aiko.